Albasar Ai-na-sani

A layin shagunan da ke bayan tashar mota akwai wani mai shagon buga takardu da kowa ke kira Ai-na-sani. Bakinsa ne ya raɗa masa sunan. Ko haihuwar da aka yi yanzun nan ka zo gaya masa, kafin ka faɗi mace ce ko namiji zai ce, "Ai na sani." Abin da ke shagon nasa bai wuce tsohuwar kwamfuta ba, da injin hoton takarda mai tari kamar tsohon da ya sha taba, da kujerar da sai an jingina ta da bango take tsayuwa. Amma in ka ji shi yana ba da labari, shi ne ya kusa ƙera jirgin sama, rashin fili ne kawai ya hana.

Wata rana ƙanwar matarsa ta kawo musu ziyara. A wata cibiyar bincike take aiki, dangi duk Dakta suke ce mata. Ana cin abincin rana ya dube ta ya ce, "Dakta, wai me kuke yi ne a wurin nan naku? Kullum aiki, kullum aiki, ko allura ba mu ga kun ƙera ba."

Ta yi dariya ta ce, "Yaya, akwai wasu sinadarai da in ka ɗumama gefensu ɗaya, ka bar ɗaya gefen da sanyi, sai su ba da lantarki. Ba mai, ba inji, ba abin da ke juyawa. Ka ga zafin da ke tashi a banza daga bututun masana'anta ko salansar mota? Shi muke so ya riƙa kunna fitila. Wahalar ita ce samun sinadarin da ya dace. So ake ya bar lantarki ya wuce ta cikinsa, amma ya tare zafi. Yawancinsu kuwa in sun buɗe wa wannan ƙofa sai su buɗe wa wancan. To maimakon mu haɗa dubbai da hannu, sai mu ba manyan kwamfutoci bayanin kowanne, su yi ta lissafi, su tankaɗe, su zubar da tsaki, su bar mana 'yan kaɗan. Waɗannan muke haɗawa a ɗakin gwaji."

"Ai na sani," in ji shi. "Tankaɗe ne kawai. Tun yaushe kuke yi?"

"An kwana biyu."

"Kun samu?"

"Muna kan hanya."

Ya ajiye cokali ya ƙyalƙyale da dariya har da dukan cinya. "Kuna kan hanya! Ga kwamfuta, ga albashi, ga na'urar sanyaya ɗaki, amma kuna kan hanya. Ni da nake kwana nake tashi da kwamfuta, ki ba ni mako ɗaya."

Matarsa ta ce, "Malam, ci abincinka yana hucewa."

"Bari ya huce. Zafin da ke fita daga cikinsa ma asara ce, ba ki ji abin da ƙanwarki ta ce ba?"

Washegari bai karɓi aikin kowa a shago ba. Ya zauna ya shigar wa kwamfuta sunan duk abin da idonsa ya taɓa gani a gida da waje: albasa, alli, bokiti, bulo, cokali, gawayi, kwalba, sabulu, takalmi, har zuwa zare da zuma. Kowanne ya ba shi maki. Yadda yake auna su kuwa, sai ya manna abu a kumatunsa, in ya ji sanyi ya rubuta, in ya ji ɗumi ya rubuta, wanda ya shige masa duhu ya ɗan lasa. Da ya gama ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya danna maɓallin da ya saba dannawa in makarantu sun kawo masa sunayen ɗalibai a jera musu. Shi wannan maɓalli bai san maki ba, bai san zafi ba, abin da ya sani kawai jerin haruffa ne, a kafin ba, ba kafin ca. Nan take albasa ta haye saman kowa, zuma ta koma can ƙasa. Da ya tuna ya sa agogo ko akwati, da labarin ya canza.

Ai-na-sani ya miƙe tsaye. "Albasa! Shi ya sa take sa hawaye. Ashe wuta ce a cikinta!"

Ya ruga wurin mai gyaran rediyo ya aro 'yar na'urar auna wuta. Ya soka wa albasa ƙusa a gefe ɗaya, wayar jan ƙarfe a ɗaya gefen, ya haɗa. Allurar na'urar ta ɗan motsa kamar mai gyangyaɗi. Shi ke nan, abin nema ya samu. Ya kira Dakta a waya yana haki.

Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Yaya, wane maɓalli ka danna?"

"Na tankaɗe mana."

"Me ya zo na biyu?"

"Alli."

"Na uku fa?"

"Bokiti."

Ta ce, "Yaya, haruffa ta jera maka. Allurar kuma, duk abu mai ruwa-ruwa in ka soka masa ƙarfe iri biyu za ta ɗan motsa, ko lemo ne ko dankali. Ba ruwanta da zafi."

"Ai na sani za ki faɗi haka. Shekara da shekaru kuna kan hanya, mijin yayarki ya iso da ƙafa. Dole abin ya yi ciwo. Kada ki damu, in an zo ba ni lambar yabo zan ambace ki."

Ya kashe wayar.

Gwajin farko a falon gida aka yi shi. Ya kwashe albasar matarsa kaf, ya yayyanka, ya jera a faranti, ya rufe tagogi don kada zafi ya tsere, ya ɗora dutsen guga mai zafi a kai. Kafin ka ce kwabo falon ya turnuƙe. Matar ta fito daga ɗaki tana tari, idanu sun yi ja, hawaye shaɓe-shaɓe. Shi ma yana durƙushe gaban farantin, hawaye na ɗiga daga gemunsa. Ta buɗe ƙofa ta faɗa waje tana cewa, "Wayyo, na shiga uku! Ta ƙare, duk ta ƙare!"

Maƙwabciyarsu ta ji, ta saki tsintsiya ta yo kanta. Wata ta biyo, wata ta kira mijinta. Duk wanda ya sa kai falon sai idonsa ya cika, ya nemi wuri ya zauna yana sharɓe. Wani dattijo ya dafa kafaɗar Ai-na-sani ya ce, "Sai haƙuri, Malam. Ta daɗe tana jinya?"

"Wa?"

"Marigayiyar."

Matar ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce, "Albasata ce, Baba. Lafiyarta ƙalau da safe."

Dattijon ya dubi farantin, ya dubi dutsen guga, ya share ido ya ce, "To, Allah ya ba mu lafiya," ya nemi takalmansa.

Ai-na-sani ya bi su har ƙofa yana cewa, "Ku tuna kun ga wannan rana! Jikokinku za su tambaye ku!"

Da aka watse ya zauna ya gano inda matsalar take. Ba albasa ce ta gaza ba, ƙarancinta ne. Zafin ma ya yi kaɗan, sanyi kuma babu. Kwana biyu bayan nan aka ga ana fitar da injin hoton takarda daga shagonsa ana ɗorawa a kura, aka kuma ga wata kurar ta sauke buhunan albasa a gurbinsa.

Matar ta same shi a shagon, ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Ina injin?"

"Na juya shi."

"Ka juya shi ya zama me?"

Ya nuna buhunan.

"Malam, da injin nan muke ci. Da shi ake biyan kuɗin makarantar yara."

"Yaran nan nan gaba a jirgi za a riƙa kai su makaranta. Ke dai ki fara tunanin kayan da za ki sa ranar da 'yan jarida za su zo."

"Baƙi zan sa," in ji ta. "Tunda har an fara yi mana ta'aziyya."

A layin akwai Mai Burodi, wanda bangon tandarsa na baya ke da zafin da ko kare ba ya raɓa. Kusa da shi kuma Mai Ƙanƙara ne da manyan firizojinsa. Ai-na-sani ya tara su biyun ya ce, "Kai kana zubar da zafi, kai kuma kana da sanyi. Ni ina da ilimi. In muka haɗu, layin nan ya yi bankwana da kamfanin lantarki."

Mai Burodi, wanda ƙarar injin kwaɓi ta ɗan taɓa masa kunne, ya ce, "Wa ya yi bankwana?"

"Kamfani! Wuta kyauta!"

Kalmar kyauta kam ta shiga kunnen. Mai Ƙanƙara ya fi taurin kai. Ya ce, "Ni fa tun ina yaro nake jin ana cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ban taɓa jin an ce ta yi halin janareta ba."

"Kwamfuta ce ta faɗa. Ka fi kwamfuta sani ne?"

Mai Ƙanƙara ya sosa ƙeya. Bai fi kwamfuta sani ba. Ya yarda zai ba da ƙanƙara, bisa sharaɗin shagonsa za a fara ja wa wutar.

Aka shiga aiki. Ai-na-sani ya kafa katakai a jikin bangon tandar, ya jera albasa sahu-sahu tun daga ƙasa har inda hannunsa ya kai, kowace da ƙusarta da wayarta, wannan ta riƙe wannan. Wadda ke manne da bango ta fara gasuwa, wadda ke waje ta fara tsiro. Ƙudaje suka yo gayya. Masu sayen burodi suka fara dawowa suna tambaya ko an canza hannu ne, don shayinsu ya koma ɗanɗanon miya. Tela ya ce kayan mutane sun ɗauki wari, wata amarya ta dawo masa da ɗinki. Kowa ya zo da ƙorafi amsa ɗaya yake samu: "Ai na sani. Warin ci gaba ne."

Sai maganar fitilar da za a gwada. A ƙarƙashin rumfar bayan gidan burodin akwai wani ƙwan lantarki da ke rataye, ƙura ta rufe shi, an daɗe ba a kunna ba. Ai-na-sani ya hau kan bulo, ya feƙe robar wayarsa da reza, ya murɗa wayoyin albasarsa biyu a jiki. Bai tambayi inda ɗaya bakin wayar ya nufa ba. Mai ilimi ba ya yawan tambaya.

Ya buga takardun gayyata a kwamfutarsa, ya kai wani shagon aka yi masa hotonsu, tunda nasa injin ya zama albasa. Ranar da aka sa, da yamma, bayan gidan burodi ya cika. Direbobin tasha sun zo, masu shaguna sun zo, mata sun tsaya daga nesa sun toshe hanci da mayafi. Shugaban 'yan kasuwar layin ya aiko cewa yana tafe, bari ya ɗan tsaya wurin mai aski don kada ya fito a hoto da suma. Dakta ma ta zo, yayarta ce ta roƙe ta, ko Allah zai sa ya ji maganarta.

Ta ja shi gefe ta ce, "Yaya, don girman Allah ka ce musu an ɗaga. Ni zan ce laifina ne."

"Ki nemi wuri a gaba," in ji shi. "Ki buɗe ido, ki koma ki koya wa manyanku."

Aka jingina manyan ƙanƙara a bayan albasar. Nan da nan suka fara narkewa, ruwa ya malale ƙasa, wurin ya zama caɓi. Ai-na-sani ya hau kan benci cikin babbar riga, ya yi jawabi a kan zafi da sanyi, da yadda turawa da larabawa da sinawa suka yi ta lalube, amsar kuwa tana cikin kwandon kowace mace. Ya nuna ƙwan. Ƙwan bai ce komai ba. Aka jira. Wani direba ya ce, "Malam, ko a tura ne?" Aka kwashe da dariya.

Gumi ya karyo masa. Ya yanke cewa zafin tandar ne bai kai ba, a ƙara itace. Ya juya wajen tagar gidan burodin ya ƙwala kira, "Mai Burodi! Ba da wuta!"

Mai Burodi yana ciki, hannu duk gari. Ya ji an ce wuta. Ya leƙa ya ga rumfar ta ɗan yi duhu, ga baƙi an tara. Ya sa gwiwar hannu ya danna makunnin fitilar baya.

Ƙwan ya kama, fes.

Wurin ya ɓarke. Masu tafi na yi, masu salati na yi. Mai Ƙanƙara ya rungume tela. Matar Ai-na-sani ta saki baki, ta fara tunanin ko dai ta zalunci bawan Allah. Shi kuwa gogan sai ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda ya ci zaɓe.

"Ina masu dariya? Ina mai cewa a tura? Dakta, ina manyan kwamfutocinku?"

Dakta ta ɗaga kai. Idonta na bin wayar ƙwan, daga rumfa zuwa bango, daga bango zuwa wani rami da ya shige cikin gidan burodi. Ta dawo da ido kan albasar, wadda ta fara wani irin tsuwa tana fitar da kumfa a gindin kowace ƙusa.

"Kowa ya ja baya!" ta ce da ƙarfi. "Ku fita daga ruwan nan! Yaya, kada ka taɓa!"

"Kun ji hassada ko? Albasata ce, ni na san halinta."

Ya miƙa yatsa daga kan bencin ya dangwali ƙusa ɗaya.

Abin da ya biyo baya, kowa da yadda yake ba da shi. Direbobi sun ce ya tashi sama kamar an harba shi da gwafa. Tela ya ce ya yi wata rawa da ba a taɓa gani ba. Abin da aka haɗu a kai shi ne hularsa ta faɗa kan rumfa, shi kuma ya sauka zaune a cikin kwandon ɓawon albasa, ƙafafu a sama. Katakan suka biyo shi, albasa da ƙanƙara suka zube, wayoyi suka haɗu, shuɗin tartsatsi ya tashi. Can bakin titi, a kan falwaya, wani abu ya ce ɗau! Rediyon mai shayi ya yi shiru. Firizojin Mai Ƙanƙara suka yi ajiyar zuciya suka tsaya. Layin gaba ɗaya ya mutu.

Aka ciro shi daga kwandon, gemu a tsaye, yatsa na hayaƙi. Matarsa ta riƙe shi tana kuka, wannan karon na gaske. Ya buɗe ido ya ce da rawar murya, "Kun gani? Ta ja ni. Ƙarfinta ne ya yi wa layin yawa."

Har wasu sun fara gyaɗa kai, sai ga Mai Burodi ya fito yana goge hannu a riga. "Yaya aka yi? Na kunna muku, sai kuma na ga an ɗauke."

Mai Ƙanƙara ya ce, "Ka kunna me?"

"Fitilar baya mana. Ba ya ce in ba da wuta ba? Makunninta na nan jikin ƙofata."

Direban nan ne ya fara, wata 'yar siririyar dariya, sannan ta kama kowa kamar gobara. Har dattijon da ya yi ta'aziyya sai da ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki.

Ana cikin haka taron ya dare biyu. Shugaban 'yan kasuwa ne ya iso, zanen aski ɗaure a wuyansa. Rabin kansa na dama an kwashe tas yana ƙyalli, rabin hagu suma na nan cunkus. Mai aski na biye da shi riƙe da mataccen inji.

"Wa ya kashe wuta?" in ji Shugaba.

Yatsu suka nuna wuri ɗaya.

Ai-na-sani ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, a kimiyyance..."

"Dube ni."

Ya dube shi.

"Gobe ake ɗaurin auren 'yata. A kimiyyance, haka zan je?"

Aka kira masu gyaran wuta, suka zo suka dubi falwaya, suka ce abin da ya ƙone sai an aiko da shi daga wani gari, a yi haƙuri zuwa wani makon. Mai Ƙanƙara ya ɗora hannu a ka. Tela ya ce yana da ɗinkin bikin Shugaba bai gama ba. Mai Burodi ya ce wa zai kwaɓa masa gari? Wasu matasa suka fara naɗe hannun riga, Shugaba ya ɗaga musu hannu.

"Ba mai taɓa shi. Bawan Allah ya yi alkawarin zai ba layin nan wuta, kuma zai bayar. Tunda albasa ta ƙi, shi zai zama wutar."

Haka kuwa aka yi. Da sassafe Ai-na-sani na gidan burodi, ya tuɓe riga yana dambe da kwaɓi, yatsa ɗaya naɗe da bandeji. Da hantsi yana shagon tela yana juya keken ɗinki da hannu, tela na cewa, "Ƙara wuta, Malam, ta yi ƙasa." Da rana ya ɗauko wa Mai Ƙanƙara ƙanƙara a ka daga wata unguwa, tana narkewa tana bin bayansa. In ya dawo ya tsaya a shagon aski da kwali yana yi wa masu jira fifita, su kuwa in ya sassauta sai su ce, "An ɗauke!" Shugaba dai da reza aka ƙarasa masa, ya je biki da kai kamar ƙwai. Dakta ta karɓo injin hoton takardan daga wanda ya saya, amma a ɗakin yayarta aka ajiye shi, makullin kuma a bakin zanen yayar.

Kafin ta koma wurin aikinta ta biya ta yi masa sallama. Ta same shi a shagon tela yana juya keke, gumi ya jiƙa shi sharkaf.

"Sannu, Yaya."

Bai daina juyawa ba. Ya dube ta ta gefen ido ya ce, "Taɓa goshina."

Ta taɓa. "Zafi rau."

"Ƙeyata fa, inda ƙanƙara ta zauna?"

"Sanyi ƙalau."

"Gefe ɗaya zafi, gefe ɗaya sanyi, ga keke na tafiya ba mai, ba inji." Ya ɗaga gira. "Ki je ki gaya wa kwamfutocinku su daina wahala. An samu sinadarin."

Tela ya ce, "Sinadari, ƙara wuta. Hannun riga ya rage."